Rota ta cinye a injin foklif mai aiki da gas: ita kaɗai zan canja ko har da murfin?

Mai Kula da Sito

Assalamu alaikum, masana inji. Ina neman shawara a kan foklif mai ɗaukar tan 2.5, injinta silinda huɗu, da gas take aiki. Tana wahalar tashi da safe, musamman idan gari ya kwana da danshi. Idan ta tashi silo ɗinta ba laifi, amma da an ɗora mata kaya an ja libar ɗagawa sai inji ya kama misin, wani lokaci har ya yi harbi ta wajen filtar iska.

An buɗe murfin distirbuta, wato na'urar da ke raba wuta ga fulogogi. Bakin rota, wato hannun da ke juyawa a ciki yana raba wutar, ya yi baƙi, gefe ɗaya ya zaizaye, tsakiyarta kuma inda gawayin murfi yake zama ya yi ɗan rami. Ƙarafa huɗun da ke cikin murfin duk sun yi farin ɓawo. Rotar kaɗai zan saya ko har da murfin? In an goge bakin da sanfefa za ta ƙara jan lokaci? Sannan cire rota yana taɓa taimin, wato saitin lokacin da wuta ke zuwa fulogi?

Ogan Gareji

Wa alaikumus salam, Malam. Bari in fara da ta ƙarshe don hankalinka ya kwanta: cire rota ba ya taɓa taimin. Abin da ke riƙe taimin shi ne kusar da ta ɗaure jikin distirbuta da inji. Muddin ba ka ɗora sifana a kanta ba, taimin yana nan inda yake. Ita rota zama ɗaya gare ta a kan shaf, ba ta shiga ta wata fuska.

Rota da murfi kuma tare za ka saya. Wutar da ta ci bakin rotar a kan waɗancan ƙarafan take dira, don haka su ma sun zaizaye ƙarƙashin ɓawon da ka gani, kuma gawayin da ya haƙa rami a tsakiyar rotar shi ma ya gajarce. Batun sanfefa kuwa ka bar shi. Bakin rota ba ya taɓa ƙarafan murfi, akwai 'yar tazara wadda wuta ke tsallakewa. Duk abin da ka goge daga bakin ƙara faɗin tazarar ka yi. Zai yi ƙyalli a ido, amma koyil, wato abin da ke tara wutar, shi ne zai sha wahala.

Ba ka faɗi sunan injin ba, kuma yana da muhimmanci wajen saye. Foklif masu wannan girman yawanci ko 4Y na Toyota ne a ciki, ko H20 da H25 na Nissan, ko FE da F2 na Mazda, ko 4G63 da 4G64 na Mitsubishi, ko mai lita 3.0 na GM. Sunan ma shi kaɗai bai isa ba, domin inji ɗaya yakan zo da distirbuta mai kwantak (ƙarafa biyu masu haɗuwa su rabu don yanke wuta), wani zubin kuma da mai lantarki, rotarsu ba ɗaya ba ce. Ka kwafi lambar da ke jikin distirbutar. In sabuwa ta zo, ka jera ta da tsohuwa a kan tebur: tsayinsu, tsawon hannu daga tsakiya zuwa baki, da siffar ramin da shaf ke shiga. In hannun ya gaza da milimita 2 wuta za ta wahala wajen tsallakewa, in ya zarce zai karce murfin.

Ga yadda aikin yake. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ka sauke yatsun har su kwanta a ƙasa, giya a firi, ka ja birkin hannu, ka sa weji a taya. Inji yana aiki ka rufe bawul ɗin tukunyar gas, ka bar shi ya ƙone abin da ya rage a tiyo har ya mutu da kansa. Ka kashe makulli ka zare shi, ka bar inji ya huce. Idan ka ɗaga bonet, da yake kujerar direba a kansa take yana da nauyi, ka tabbata abin tokare shi ya kama kafin ka sa kai ciki. Sai ka cire kan batir na negetif, yawanci sifana lamba 10 ce. Ka share ƙurar da ke kewaye da distirbuta tun ba ka buɗe ba.

Kafin ka taɓa ko waya ɗaya, ka liƙa musu salatif ka rubuta 1, 2, 3, 4 daidai da fulogin da kowace ta nufa, ka ɗauki hoto da wayarka. Silinda na 1 shi ne na wajen fuli. Murfin ko kilif biyu ne suka riƙe shi ko sukurori. Ka ɗaga shi sama tsaye, kada ka ja shi gefe, gawayin tsakiya yana karyewa. Ka dubi inda bakin rota ya nuna ka yi alama a leɓen jikin distirbuta.

Ɗaurin rota iri uku ne. Akwai wadda ake dannawa kawai, shaf ɗinta yana da gefe ɗaya a shafe, da ɗan sifirin a cikin ramin yana matse ta. Akwai mai sukuru ɗaya a gefe, ɓoye a bayanta, wadda mutane suke ta ja har su fasa ba su gan shi ba. Akwai kuma mai faɗi da sukurori biyu a sama, irin ta GM. In mai sukuru ce, ka toshe cikin distirbutar da tsumma mai tsabta, ka yi aiki da sukudireba mai maganaɗisu. Sukuru ya faɗa ciki, ba a buga kik sai an ciro shi.

Ka goge kan shaf da busasshen tsumma, ka daidaita gefen da ke shafe, ka danna sabuwar har ka ji ta zauna ƙasa. Nan ake yawan yin kuskure. Rotar da ta rage milimita 2 ko 3 ba ta zauna ba za ta murƙushe sabon gawayin a juyin farko. Bakinta ya dawo kan alamar da ka yi. Murfin ma yana da ɗan tsagi da ke shiga wuri ɗaya, in bai zauna lif ba kada ka tilasta shi da sukuru. Ka riƙe tsohon murfi kusa da sabo a fuska ɗaya, ka riƙa ƙaura da wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Robar kan wayar za ka kama ka murɗa ka ja, ba ita wayar ba, in ka tura kuma sai ka ji ta yi ƙas.

Ka mayar da kan batir, ka buɗe tukunyar gas a hankali. In ka buɗe da garaje, bawul ɗin kariya na cikin tukunyar yana rufewa, sai inji ya ƙi tashi ka zaci rotar ce.

Mai Wayarin

Oga ya gama maganar aiki. Ni abin da zan ƙara, Malam, kada ka rufe murfin nan ba ka nemi abin da ya ci rotar ba.

Rota tana juyawa rabin gudun inji, kuma a kowane juyi tana raba wuta sau huɗu. Inji yana gudun 2,000 a minti, ke nan wuta 4,000 ce take bi ta bakin nan a minti ɗaya, 240,000 a awa. Saboda haka zaizayewa dole ce ko komai lafiya yake. Amma saurinta ya danganta da ƙarfin wutar da ake tilasta wa koyil ya tara. Koyil ba ya fitar da wuta mai ƙarfi ɗaya kullum, yana tarawa ne har ta isa tsallake duk tazarar da ke gabanta. Inji mai lafiya yana neman bolt 10,000 zuwa 15,000. Idan bakin fulogi ya buɗe, ko waya ta yanke a ciki, abin yakan haura 25,000, kuma duk wannan ta kan rota yake bi. Gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, shi ya sa injin gas yake tona asirin raunin da injin fetur zai ɓoye. Dalilin da ya sa taka take lafiya a silo ta kuma yi misin da kaya ke nan: da an buɗe mata iska matsin cikin silinda ya ƙaru, wutar da fulogi ke nema ta ƙaru, sai ta nemi hanya mafi sauƙi a cikin murfi.

To ka ciro fulogogin huɗu ka gwada bakinsu da fila geji, wato siraran ƙarafan auna tazara. Yawancin waɗannan injunan a kan gas milimita 0.7 zuwa 0.8 suke so, ka tabbatar da na injinka a littafinsa. In ka tarar da 1.1 ko fiye, ko tsinin tsakiya ya mulmule, ka canja su duka. Wayoyin kuma ka sa mita a kan ohm ka auna kowace daga kai zuwa kai, kana lanƙwasa ta a hankali. Toyota ta sa iyaka a ohm 25,000 ga kowace waya. Wadda ta wuce haka, ko lamba take ɓacewa in an lanƙwasa, ta gama aiki. Ita ma rotar ka auna ta daga tsakiya zuwa baki. Wasu ƙarfe ne miƙaƙƙe, mita za ta nuna kusan sifili. Wasu akwai rezisto a ciki, na ohm 1,000 ko 5,000. Sabuwar ta zama irin wadda injin ya zo da ita.

Ka kifa tsohuwar rotar ka leƙa cikin raminta da tocila. In ka ga ɗigon toka-toka ko ɗan ƙonannen huji, wuta ta huda robar tana sauka kan shaf ta bi jikin inji. Irin wannan rotar a sama ba a ganin komai, amma wuta tana nan a wayar koyil, babu ita a fulogi ko ɗaya. A injin da koyil ɗinsa yake waje ana gwadawa haka: murfi a buɗe, a kama wayar koyil da filaya mai rufin roba, a kusanto da bakinta kamar milimita 5 daga tsakiyar rota, wani ya buga kik. Rota mai lafiya ba za ta karɓi wutar ba, domin ba ta da inda za ta kai ta. In wuta ta tsallaka da ƙarfi, rotar ta huje. Sai dai don Allah, wannan gwajin tartsatsi ne a fili. Tukunya a rufe, tiyo babu gas, babu warinsa ko kaɗan, kuma a wuri mai iska. Gas ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan ɗakin inji. Idan kuma koyil ɗin a cikin distirbuta yake, kamar yadda yake a 4Y da yawa, wannan gwajin ba naka ba ne, kuma kada ka buga kik murfi a buɗe sai ka zare soket ɗin distirbuta. Wutar da ba ta da mafita koyil ko iginaita, mai kunna masa wuta yana yankewa, take ƙonawa.

Cikin tsohon murfin ma ka haska shi. Siririn baƙin layi kamar na fensir tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ko daga tsakiya zuwa gefe, hanya ce da wuta ta ƙona wa kanta, kuma ba ta goguwa. Da safe danshi yana kwanciya a kanta, shi ne wahalar tashin da ka faɗa. Harbin filta ma yakan fito daga nan: wuta ta tsallaka zuwa silindan da bawul ɗin shigarsa yake buɗe, alhali a injin gas tun daga miksa, inda gas ke haɗuwa da iska, har manifol, bututun da ke kai su silinda, cike suke da gas da iska. Kada a raina wannan harbin, yana yaga robar cikin miksa, yana fasa gidan filta.

Farin ɓawon kuma daga iskar da tartsatsi ke ƙonawa a cikin murfi ne, in ta haɗu da danshi tana cin ƙarfe. Don haka ake yi wa murfi ko gindin distirbuta 'yan ƙofofin shan iska. Ka duba ko ƙura ta toshe su. Giris ɗin silikon ɗan kaɗan a cikin robar kan wayoyi yana da kyau, amma kada ya taɓa gawayi ko tsakiyar rota.

Mai Kula da Sito

Allah ya saka da alheri, Oga da Malam Mai Wayarin. Rotar irin ta dannawa ce, an duba babu sukuru, amma ta ƙi fita. Koyil a ciki yake. Sannan in an murɗa ta da hannu tana ɗan juyawa ta dawo, in an tura gefe ma tana motsi kaɗan. Akwai kuma damshin baƙin mai a ƙasan cikin distirbutar. Bakin fulogogin ya kai 1.2.

Injiniyan Kayan Ɗagawa

Ɗan'uwa, motsi biyu ka faɗa, ɗaya lafiya ne, ɗayan shi ne abin dubawa.

Juyawar da take yi ta dawo da kanta aikin gwamna ne. Ƙarƙashin farantin da ke cikin distirbuta akwai ƙarafa biyu masu nauyi da sifirin, inji yana ƙara gudu suna buɗewa su gabatar da wuta. Abin da ake so ta tafi sumul ta dawo da kanta. In ta cije, ko ta tafi ba ta dawo ba, gwamnan ya yi tsatsa ko sifirin ya saki, kuma injin ba zai yi ƙarfi ba ko da sabuwar rota. In akwai ɗan auduga a tsakiyar kan shaf bayan ka cire rotar, ɗigo 1 ko 2 na man inji ake sa masa, ba fiye ba.

Motsin gefe kuma kada ka yanke hukunci da rota a kai, domin ita kanta tana iya yin sako-sako a kan shaf. Ka fitar da ita tukuna. Ka ɗiga man kwance tsatsa kaɗan a gindinta, ka ba shi minti 10, ka naɗe ta da tsumma ka kama da hannu biyu kana ja sama kana ɗan girgizawa. Kada ka sa sukudireba ka dogara da abin da ke ƙarƙashinta, koyil ne a wurin da fikof, wato abin da ke gane juyin shaf ya ba da alamar sakin wuta. In ta ƙi, tunda yarwa za a yi, ka rufe cikin da tsumma ka matse gindinta da babbar filaya har robar ta tsage, ka tsince ɓaraguzan duka. Guduma ko kaɗan, bugun yana sauka ne a kan bushi, wato zoben da shaf ke juyawa a ciki, da giyar ƙasa.

Yanzu ka kama shaf ɗin tsirara ka tura shi gaba da baya. Na lafiya da ƙyar za ka ji motsi. In ido yana ganin motsin, ko kana jin ƙwas-ƙwas, bushi ya cinye. Shaidarsa tana cikin tsohon murfi: garin tagulla mai ƙyalli, ko ƙarafan gefe ɗaya sun karce alhali na ɗaya gefen ba su taɓu ba. Akwai gwajin da ya fi wannan tabbas. Tsakanin haƙoran da ke jikin shaf da fikof akwai tazara, a irin na Toyota milimita 0.2 zuwa 0.4. Ka auna da fila geji na tagulla ko na roba, domin na ƙarfe maganaɗisu yana kama shi ya ruɗe ka. Ka auna a haƙora huɗun, kana tura shaf ɗin ka saki. In tazarar tana fita daga wannan iyakar da turin yatsa kawai, sabuwar rota ba za ta daɗe ba, sai an canja bushi ko distirbutar gaba ɗaya. A masu kwantak alamar ita ce tazarar kwantak, wadda ake sa wa wajen milimita 0.45, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Man da ke ciki daga sil ɗin shaf yake hawowa. Robar zoben da ke waje in ta lalace a jikin inji mai yake zuba, ba a ciki ba, saboda haka canja ta ba zai magance wannan ba. Sil da bushi sukan tafi tare. Ka duba bawul ɗin numfashin inji da tiyonsa ma, in sun toshe matsin cikin inji yana tura mai ta duk inda ya samu. In damshi ne kawai, ka wanke da feshin wanke kayan lantarki, ka bari ya bushe sarai, ka sa ido. In har mai ya taru, a fitar da distirbutar, kuma a nan kam sai an sake taimin.

Na yarda da Oga cewa rota ba ta taɓa taimin, amma ni ina ganin a haska fitilar taimin bayan aikin ko da ba a kwance komai ba. Sau da yawa inji yana fara misin sai wani ya murɗa distirbuta don ya ɓoye matsalar, a bar ta a haka. Ga shi kuma fitilar tana nuna lafiyar shaf: alamar fuli ta tsaya cak a silo, in tana tsalle gaba da baya akwai sako-sako. Adadin digirin ka ɗauka daga takardar da ke manne a injin ko littafinsa, kuma na gas za ka bi, domin yakan bambanta da na fetur.

Fulogogin 1.2 sun isa su jawo duk abin da ka lissafa. Amma in an canja su da rota da murfi harbin bai daina ba, a koma wajen gas: iska tana shiga ta tsagin tiyo ko gasket ɗin manifol, regileta ba ya ba da isasshe, ko bawul ya matse a injunan da ake saita bawul ɗinsu da hannu.

Ogan Gareji

Haka ne, Injiniya. Saura abu ɗaya, ko da wayoyin sun rikice wa wani. Duk injunan silinda huɗun da na ambata jerin wutarsu 1-3-4-2 ne. Mai silinda shida na GM, lita 4.3, nasa 1-6-5-4-3-2. Ka cire fulogi na 1, ka toshe ramin da babban yatsa, wani ya juya fuli da sifana ta fuskar da inji ke juyawa, batir a cire. Da ka ji iska tana ture yatsanka, a ci gaba a hankali har alamar fuli ta zo kan sifili. Inda bakin rota ya nuna a lokacin, nan wayar 1 take. In ba ka bi ta yatsa ba ka dogara da alamar kaɗai, rabin lokaci rotar tana kallon na 4 ne, domin fuli yana juyi biyu kafin ita ta yi ɗaya. Tun ana juyawa ka lura da fuskar da rotar take bi, ta nan za ka jera 3, sai 4, sai 2.

Gwajin ƙarshe kuma ba a silo ake yinsa ba. Ka bar inji ya yi zafi, ka ja libar karkata mas, wato dogayen ƙarafan da yatsun ke hawa, baya har ƙarshe ka riƙe daƙiƙa 2 zuwa 3 kana taka totur. Famfon haidirolik zai danne injin kamar yana ɗauke da kaya. Kada ka daɗe a haka, man yana zafi. In ya riƙe murya ɗaya ba tangarɗa, ka ɗauki kaya na gaske ka ɗaga. Tunda akwai shakkar shaf, bayan awa 50 na aiki ka sake buɗe murfin ka duba ko akwai garin tagulla, ko man ya dawo.